Dalma Talatin Da Biyu A Bakin Rigata

Kafin wata ta sauko ƙasan rubutun nan ta kira ni sakarya, na riga ta. Na faɗa wa kaina, na faɗa wa madubi, babu sunan da za ku ba ni wanda ban ba kaina ba. Ku dai ku saurare ni har ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ibtihal, shekarata ashirin da uku, ni kaɗai iyayena suka haifa. Babana Rayyis Dandarawi masunci ne a nan Kusair, a ƙasar Masar. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin Bahar Maliya bai fi taku arba'in ba, amma ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba. Ina shekara tara kawuna Jabir, ƙanin Mama, ya fita da asuba, jirginsa ya dawo shi bai dawo ba. Tun daga ranar ko shanya Mama za ta yi a saman bene, baya take juya wa teku. A wannan tsoron na girma.

To ku dubi wanda zuciyata ta ɗauko min. Hazim, mai koyar da nutso. Mutumin da kullum sai ya goya tukunyar iska ya shige ƙarƙashin ruwa da baƙi sau biyu, wani lokaci sau uku. A shagon buga takardu da nake aiki muka haɗu, ya yi ta kawo takarda ɗaya ana buga masa har sai da maigidana ya tambaye shi ko cin takardar yake yi. Ya zo ya ga Baba, Baba ya ce ranar Juma'ar nan, wato gobe, a zo a karanta fatihar baiko.

Mama ba ta so. Ita Midhat take so, ɗan yayarta mai kantin magani a birnin Kena, can nesa da teku, mutumin da ko gadar Nilu zai haye sai ya rufe ido. Ba ta taɓa ce min dole ba, Mama ba ta haka. Sai dai ta ajiye min shayi ta ce, "Matar mai kantin magani tana barci da ido biyu a rufe." Ko ta ce, "Yini yake da matan Turawa da ɗan kamfai, ke kuma kina nan kina lissafin awa."

Abin haushin, rabin maganarta gaskiya ne. Ranar da Hazim ya makara fitowa daga ruwa, kira arba'in da bakwai ya tarar a wayarsa. Na yi kuka na ce masa ya zaɓa, ko ni ko ruwan nan. Daga baya ya turo min saƙo.

"Ki zo sau ɗaya ki ga inda nake yini. Minti ashirin, mita biyar kacal, ina riƙe da ke. In kin fito kin ce in bari, wallahi zan bari, in sayi tuktuk, ɗan babur mai ƙafa uku, in dinga kai ki aiki."

Na amsa ne saboda ina da tabbacin zan fito in ce ya bari. Baba ya yi dariya ya ce 'yar masunci ai ya kamata ta san launin ƙasan teku. Mama ta kwana biyu ba ta yi min magana ba, a rana ta uku ta kafa sharaɗinta a gaban Baba, tana yanka albasa ba ta ko ɗago kai ba.

"Zan hau jirgin da ƙafata. Ni zan shirya ta. Kuma in namiji ɗaya ya ga surar jikin 'yata, ko shi ko ma'aikatan jirgin, babu fatiha. Ka ji ni, Rayyis?"

Baba ya ce ya ji. Daga nan rigimar kaya ta fara.

Ranar Lahadi Hazim ya kawo jaka ya miƙa wa Baba a ƙofa, ko zaure bai shigo ba. Na kai ta ɗaki na zazzage a kan gado. Rigar roba ce baƙa, daga wuya har idon sawu, da zif a baya, sai wata 'yar hula mai talewa da ke rufe gashi da wuya. Ban gama juya ta ba saƙonsa ya shigo.

"Kin buɗe?"

"Na buɗe. Wannan ta ƙanwarka ce 'yar firamare?"

"Taki ce. Haka ake so ta kama jiki. In ta yi sako-sako ruwa zai dinga shiga yana fita, ki ji sanyi."

"Sanyi a watan Agusta? Jiya ka ce ruwan kamar na wanka."

"Ma'aunin zafinsa ashirin da tara ne, shi ya sa na ba ki marar kauri, milimita uku. Mai kauri za ta dafa ki a jirgi, kuma tana ɗaga mutum sama, sai an ƙara masa dalma. Amma ko ruwan ɗumi yana zuƙe zafin jiki a hankali. Ga kuma murjanin wuta a jikin duwatsun ƙasan teku, in ya goge ki sai kin yi sati kina susa. Baƙi gajera suke sawa, ke na san doguwa za ki so."

"Mama fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. "Ki ɗora wata a sama in hakan zai kwantar mata da hankali. Yadi marar nauyi, ban da auduga, kar ta wuce gwiwa. Kuma duk abin da kika sa ki faɗa min. Da shi nake auna dalmar da zan ɗaura miki."

Ku riƙe wannan layin na ƙarshe, ni ban riƙe shi ba.

Mama ta shigo ta ɗaga rigar da yatsa biyu, ta miƙar da hannu nesa da jikinta. "Wannan riga ce ko fatar kifi?"

"Mama, ta rufe ko'ina."

"Fenti ma yana rufe bango, amma kowa ya san inda ƙusa take. Sa mu gani."

Na sa. Minti goma ina tsalle ina ja, gumi yana zuba, fanka tana kaɗa iska mai zafi. Da na tsaya gaban madubi ni kaina kunya ta kama ni, don babu abin da Allah ya yi min wanda rigar ba ta faɗa ba. Mama ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce in cire kafin Baba ya wuce ta ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwa, ta dawo da yadi shuɗi mai duhu mita huɗu.

Ranar Litinin tun safe keken ɗinkinta yake kuka. Na dawo daga shago da la'asar na tarar da riga a rataye, mai dogon hannu, buɗaɗɗiya, har idon sawu.

"Mama, gwiwa ya ce."

"Ya haifi tasa ya sa mata iya gwiwa."

Sai ta ja ni banɗaki. Ta cika babban bahon wanki da ruwa, ta tsoma bakin rigar ta saki. Yadin ya buɗe ya taso sama ya baje. Ta sake dannawa, ya sake tasowa.

"Kin gani? Haka abayar maƙwabciyarmu Ummu Sa'id ta yi mata ranar da suka je wanka bakin teku, ta tashi kamar laima, duk samarin unguwa suna tsaye. Kakarki in za ta shiga ruwa, dalma take ɗinkewa a bakin zane. Mu ba yau muka fara zama bakin teku ba."

Ta je bayan ƙofa inda Baba yake ajiye gwangwanin dalmar komarsa ta kamun kifi, irin waɗanda ake jerawa a ƙasan koma don ta nutse, kowace kamar babban yatsa. Ta zauna a tabarma ta dinga jera su cikin kalmasar rigar tana ɗinkewa da hannu, kowace da ɗan ɗakinta don kar su taru wuri ɗaya. Ni nake miƙo mata. Talatin da biyu, na ƙirga. Da ta gama na ɗaga rigar, hannuna ya sauka ƙasa, ta fi jakar shinkafa mai kilo uku nauyi.

"Zan faɗa wa Hazim," na ce.

Ta cije zaren ta tofar. "Ki faɗa masa me? Cewa uwarki ta sa miki nauyi don kar rigarki ta tashi a ga cinyarki? Namijin da ko fatiha ba a karanta ba za ki yi wa zancen cinya? Wannan maganar mata ce, Ibtihal. Kuma shi ma ba dalmar zai ɗaura miki ba? To na rage masa aiki."

Wallahi a lokacin sai na ga kamar tana da gaskiya. Dalma dai dalma ce. Kuma na san in na faɗa masa zai ce a cire, in an cire Mama za ta ce ba za a je ba, in ba a je ba kuma mun koma inda muka fara, kwana huɗu kafin fatiha.

Bayan magariba ya turo saƙo. "An gama ɗinkin? Wane irin yadi ne?"

Na ɗauki hoton saman rigar, iya wuya da hannu, na tura.

"Ya yi. Babu wani abu mai nauyi a jiki ko? Duwatsun ado, manyan maɓallai?"

Na rubuta, "Akwai," na goge. Na rubuta, "Babu." Wannan ce ta farko.

Ranar Talata da safe Baba yana neman takalminsa ya ɗaga gwangwanin ya girgiza. "Wa ya taɓa min dalma? Rabinta ya tafi."

"Kyanwa," in ji Mama, tana zuba ful, dafaffen waken karin kumallo, a kwano.

"Kyanwar da ke cin dalma ai sai a kai ta gidan kallo." Ya yi dariyarsa ya wuce.

A bakin gaɓa Hazim yana jiran mu, ya sa farar riga mai dogon hannu saboda Mama. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Barka da zuwa, Hajja." Mama ta amsa wa iska. Da za ta taka katakon hawa jirgi sai ta ja ta tsaya, shekara goma sha huɗu rabonta da kusantar ruwa haka. Ta riƙe hannun Baba tana karanta ayatul kursiyyu a bayyane har ta zauna a tsakiyar jirgin, ta rungume jakar da rigar take ciki.

Hazim ya zauna nesa da ni ya koya min abubuwa. Ga abin numfashi, ki cije shi, kar ki cire ko me ya faru. Ga falmaran, wannan maɓallin yana hura ta ki taso, wannan yana fitar da iska ki sauka. Kunne in ya yi zafi, toshe hanci ki hura. Ya nuna min alamar lafiya da yatsu, da alamar akwai matsala. Sannan ya ɗauko ɗamara mai dalma huɗu.

"Kilo huɗu ya ishe ki da wannan siririyar rigar. Amfanin ɗamara shi ne, in abu ya ɓaci, hannu ɗaya ake ja ta faɗi. Duk nauyin da ba za a iya yar da shi ba, ba a shiga ruwa da shi. Babu komai a aljihu ko? Makulli, waya?"

Mama tana kallona ta gefen ido. Na ce, "Babu aljihu ma." Ta biyu ke nan.

Jirgin ya tsaya a gefen wani dutsen murjani. Ruwan wajen kore ne, ana hango yashi a ƙasa, amma taku kaɗan gaba ya koma shuɗi mai duhu, irin shuɗin yadin Mama. A ɗan ɗakin jirgin Mama ta taya ni sa rigar roba, ta ɗora min tata a sama, ta gyara min hular. Da na taka, dalmar ta dinga bugun idon sawuna. Ta fita ta ba da umarni kamar jirgin nata ne: direba da mutanensa biyu su koma gaba su juya baya, Hazim ya shiga ruwa ya jira a can. Ta ware zanen gado ta kare ni har na zauna a bakin jirgin ta baya, ƙafafuna a ruwa. Baba ne ya ɗaura min ɗamara da falmaran da tukunya, Hazim yana faɗa masa yadda ake yi daga cikin ruwa.

Na zame na faɗa. An hura falmaran ta cika tam, don haka na yi ta yawo a sama kamar kowa. Ruwan da ɗumi, ya shiga ta wuyana ya gangara bayana. Hazim ya matso, ya leƙa ƙasa da gilashin nutsonsa, ya ɗago da fuska a ɗaure.

"Ta yi tsawo, Ibtihal. Gwiwa na ce." Ya kalli sama, Mama tana tsaye da zanenta tana hararsa. Ya haɗiye sauran maganar. Ya rage murya. "Kuma ban ga tana tashi ba. A miƙe take kamar an ja ta. Akwai wani abu a bakinta?"

Kalma ɗaya ce. Na ɗaga ido na ga Mama, na ga Juma'a, na ga Midhat da kantinsa.

"Yadin ne haka," na ce. Ta uku.

Ya kalle ni na ɗan lokaci. Ya yarda da ni, jama'a. Ya ce in riƙe igiyar da ta sauka daga jirgi, in cije abin numfashi, ya ɗaga bututun falmarana ya fara fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ɗauka a hankali ake sauka. Ruwa ya rufe gilashina, sai kawai na ji an kama ƙafafuna an ja. Igiyar ta zame cikin tafina, ta ƙone ni, ta kuɓuce. Hannun Hazim da ke kan kafaɗata ya rabu da ni. Na ga cikin jirgin yana ƙanƙancewa a sama. Kunnuwana suka ɗauki zafi kamar ana soka tsinke, na manta da hanci, na manta da maɓalli, na manta da duk abin da ya koya min. Na dinga harba ƙafa, yadin ya dinga naɗe min ƙafafu, ina harbawa yana ƙara naɗewa har suka haɗe wuri ɗaya.

Ban sauka kan yashin ba. Na wuce gefensa, na gangara jikin dutsen, sai na ji wani abu ya fizge ni na tsaya. Bakin rigar ne ya faɗa cikin tsagar murjani, dalmar ta shige ta maƙale. A ƙasana babu komai sai shuɗi, babu ƙasa, babu ƙarshe. Abin da ya zo min shi ne, nan kawu Jabir yake.

Ruwa ya fara shiga gilashina ya kai hancina. Numfashina ya koma gajere, ina ja kamar ba ya isa. Wani abu a kaina ya ce min wannan robar da ke bakina ita ke hana ni iska, in tofar da ita in yi ihu. Na buɗe haƙora.

Tafin hannu ya danne ta a bakina. Hazim ne. Ya kawo fuskarsa dab da tawa, gilashi da gilashi, ya nuna idonsa da yatsu biyu, wato ni za ki kalla. Ya ja numfashi a hankali ya saki, ya sake ja ya saki, har na fara bin sa. Ya hura min falmaran, na ɗan ɗaga, rigar ta riƙe ni. Ya bi yadin da hannu har ƙasa. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa kalmasar, suka tsaya, suka matsa ɗaya, suka matsa ta kusa da ita.

Ya ɗago ya kalle ni. Ba a magana a ƙarƙashin ruwa, amma ban taɓa jin maganar da ta fi wannan kallon ƙarfi ba. Tsoro ne a idonsa, ba fushi ba, kuma ban taɓa ganin Hazim yana tsoro ba.

Ya rage iskar falmarana don kar in harba sama in ya sake ni. Ya zaro wuƙar da ke ɗaure a ƙafarsa. Na gane abin da zai yi, kuma ku ji haukata, a wannan halin na riƙe hannunsa ina girgiza kai. Ya ture hannuna. Ya tsaga rigar daga ƙugu har ƙasa, ya zagaye ƙugun da wuƙa, ya warware min ƙafafu. Ya yanko wani yanki na bakin ya cusa a aljihun falmaransa. Sauran ya zame ya rataye a jikin dutsen.

Ya rungumo ni ta madaurin kafaɗa muka fara hawa. Ni so nake in tashi da gudu, shi yana riƙe ni, a hankali, a hankali, yana duba agogon hannunsa. Daga baya na ji Baba yana cewa mita goma sha uku muka kai. A wajena tafiyar ta fi ta Kena nisa.

Da kaina ya fito na tofar da robar na yi ta tari ina kuka, jini kaɗan yana fita ta hancina. Duk mazan jirgin sun dawo baya sun yi cirko-cirko, babu wanda ya tuna da juya baya, don sun ga kumfa ta canza wuri. Baba ya riga ya cire takalmi zai faɗo. Mama tana durƙushe ta riƙe ƙarfen jirgin, bakinta yana motsi babu sauti.

Hazim ya kai ni gindin tsani ya cire min tukunya. Na sa ƙafa a matakin farko, sai na tuna daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai sai baƙar robar nan. Na maƙale.

"Hau," ya ce.

"Ba zan iya ba, suna kallo."

"Ibtihal, hau."

Baba ya gane. Ya tuɓe jallabiyarsa a gaban kowa, ya tsaya daga shi sai singileti da dogon wando, ya sauko mataki biyu ya lulluɓe ni ya ɗago ni kamar ina shekara biyar. Amma an riga an gani. Kowa ya gani.

Mama ta rarumo ni tana shafa fuskata, tana duba hancina. Sai hannunta ya kai ƙuguna ta ji yankakken yadi. Muryarta ta dawo.

"Ina rigar? Yanka ta ka yi? Ka tsiraita min 'ya a gaban maza, Rayyis ka ga abin da na faɗa maka, babu fatiha, na rantse babu..."

Hazim ya hau jirgin, ruwa yana zuba daga jikinsa. Ya ciro yankin yadin ya ajiye a kan bencin gaban Baba, ya yi ƙara kamar an ajiye guduma. Baba ya ɗauka ya jinjina. Ya sa haƙori ya farke ɗinkin, dalma biyu suka faɗo tafinsa. Shi ya narka su da hannunsa, ya san kayansa.

"Nawa?" ya tambaya. Ba Mama ya kalla ba, ni ya kalla.

"Talatin da biyu."

Ya juya wajen Mama. A rayuwata ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. "Nawal, da wannan nake nutsar da koma mai tsawon gidanmu."

Mama ta kalli dalmar, ta kalli ruwan, ta zauna a ƙasan jirgin. A nan take har muka iso gaɓa.

Na ɗauka shi ke nan, Baba ya tsaya mana. A bakin gaɓa Hazim ya ɗauko mana jaka ya kawo har inda tuktuk yake. Leɓɓansa sun yi fari. Ya ce wa Baba, wanda yake kira Ammi, wato baffa, "Ammi, ina neman alfarma. A ɗaga maganar Juma'a."

Baba ya ce, "Ɗana, kar ka damu da abin da ta faɗa, tsoro ne."

"Ba maganar Hajja ba ce. Hajja ba ta san nutso ba, abin da ta sani ta yi. Ni ma da laifina, na ga rigar na yi shiru don kunya." Sai ya juyo gare ni, a gaban iyayena, a hankali. "Sau uku na tambaye ki. A ƙarƙashin ruwa ba ni da komai sai maganar wanda nake tare da shi. Da kin tofar da abin nan kafin in iso, da hannuna zan miƙa wa Ammi gawarki."

Ya juya ya tafi.

Yau Alhamis. Saƙo goma sha ɗaya na tura masa, duk sun shiga, bai buɗe ko ɗaya ba. Kunnena na hagu har yanzu a toshe yake. In na rufe ido shuɗin nan nake gani, amma wallahi tsoron da nake ji yanzu ya fi na ƙarƙashin ruwan, don a can na san zai zo. Kwalaben lemon sharbat da Baba ya saya don baƙin gobe suna jere a ƙarƙashin tebur, babu mai kallon wajen. Baba ya fita tun asuba bai sha shayin gidan ba. Mama kuwa kwana biyu ba ta ambaci Midhat ba, ba ta ambaci kowa ba, ta rufe keken ɗinkin da zane.

Ɗazu ina cikin rubuta muku wannan ta turo ƙofa. Ta sa baƙar abayarta ta fita unguwa, wadda take sawa in za ta ta'aziyya ko neman alfarma, ko da yake ban taɓa ganin ta je neman alfarma wajen kowa ba. A hannunta akwai yankin yadin nan, da sauran dalmar a ciki. Ta buɗe jakarta ta saka shi.

"Ya amsa?" ta ce.

Na girgiza kai.

Ta tsaya tana gyara mayafin da babu abin da ya same shi. Idonta ya kumbura.

"Tashi ki wanke fuskarki," ta ce. "Ban san gidan uwar yaron nan ba, ke za ki nuna min."